Taku Arba'in

Shekara talatin da ɗaya ina aikin gandun daji a ƙaramar hukumarmu, amma in ka tare mutum goma a ƙofar sakatariya ka nuna ni ka ce wane ne wancan, tara za su ce maka, "Ai wan Sajan ne." Na goman kuwa baƙo ne.

Sajan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autan Inna. Shekara tara na ba shi. Ni na goya shi, ni na share masa majina, kuma da ya gama makaranta ya rasa abin yi ni na ɗauke shi lebura a gandu, ya yi shekara guda yana bina da gwangwanin fenti kafin ya samu aikin ɗan sanda. Yau ga shi da igiya uku a hannu, yana riƙe da ɗan ofishin da ke kula da ƙauyuka goma sha huɗu na bayan gandu, shi da Kofur ɗaya da kurata biyu da wani babur da ba ya tashi sai an tura shi. Ba na ƙin sa, wannan in faɗa tun da wuri. Amma ina kishinsa, irin kishin da ke hana abinci wucewa a maƙogwaro, kuma na daɗe da daina yi wa kaina ƙarya a kan haka.

Ku je ɗakin Inna ku gani. Hoton Sajan cikin kaki yana rataye saman talabijin, kullum a goge. Takardar yabon da aka taɓa ba ni, shekarar da na kashe gobarar daji da mutum shida kacal, tana ƙarƙashin katifa, wai don kada ta yi ƙura. Duk ƙarshen mako nakan ɗaura mata itacen girki a bayan babur in kai har ƙofar kicin. Sai ta dube ni da murmushi ta ce, "Allah ya yi albarka. Ka ga Auta a hanya?"

Abin da nake da shi a duniya, bayan iyalina, shi ne gandun madaci. Shekarar da na fara aiki muka dasa shi ni da tsohon maigidana, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Shekara biyu da aka yi fari, da amalanke muka riƙa jan duro muna ba shukar ruwa ɗaya bayan ɗaya. Duk kaka ina share hanyar tare wuta, duk bazara ina faɗa da masu awaki. Sau goma sha ɗaya na rubuta wa hukuma takarda ina neman motar zagaye, sau goma sha ɗaya aka amsa mini da cewa babu kuɗi. Babur ɗin da nake hawa ya girmi 'yata ta fari.

To sai ga taron majalisa na farkon rani. Aka cika zauren, kansiloli a dogon teburi mai koren mayafi, mu ma'aikata a kujerun roba a baya, fanka ɗaya na juyawa tana kuka. Mutanen ƙauyuka sun kawo koke: an kore wa wani shanu bakwai, an tare 'yan kasuwa sau uku a hanyar rafi, kuma duk lokacin da aka kira 'yan sanda sai ɓarayi sun isa gida sun yi wanka kafin su iso. Sajan ya miƙe ya yi bayani cikin natsuwa, hula a hammata. Ya ce hedikwata ba ta da motar da za ta ba shi, kuma daga ofishinsa zuwa ƙauye mafi nisa awa biyu ne a kan babur, in ruwa bai kawo ba. Gaskiya ya faɗa, ni ma shaida ne.

Shugaban ƙaramar hukuma ya gyara tabarau ya ce, "To, mu ba mu da kuɗi a asusu. Amma Allah ya hore mana daji a bayan gida, ya tsiro ya girma. Za mu yi gwanjon katakon a bainar jama'a, abin da aka samu a saya wa Sajan akori-kura ta sintiri."

Ya tsiro. Kamar ciyawa a bakin kwata. Zauren ya ɗauki tafi, kansilan ƙauyuka har da tashi tsaye yana riƙe hannun Sajan sama kamar wanda ya ci kokawa. Ina zaune ina jiran wani ya waiwayo. Sai can da za a rufe taro Shugaba ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Malamin Daji yana nan? Yauwa. Sai ka je ka shafa mana fenti."

Shekara talatin da ɗaya, na zama mai fenti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, don a nan ne na yi abin da na yi. Kafin a sayar da katakon gwamnati, malamin daji ne ke bin itatuwa ɗaya bayan ɗaya da gwangwani biyu. Wanda ya zagaya wa jan fenti, na yanka ne. Wanda ya zagaya wa fari, shi muke kira uwa: a bar ta a tsaye ta zubar da iri, dajin ya sake haihuwa. Ƙa'ida ita ce uwa ɗaya a kowane taku arba'in. Daga nan sai a liƙa adadin a allon sanarwa, 'yan kwangila su yi mako guda suna zagayawa suna gani da idonsu, sannan a kaɗa ƙararrawa. Bayan an yanka, kowane gungume sai na buga masa gudumar hukuma mai hatimi a goshi. Wanda ba shi da hatimi, na sata ne. Kuma babu mai tambayar malamin daji dalilin da ya sa ya shafa fari. Idonsa ne alƙali.

Na san gandun nan kamar tafin hannuna. Na san in an bi ƙa'ida kuɗin mota zai fito har da canji. Na kuma san inda nauyin kuɗin yake: ɓangaren bakin rafi, inda itatuwan suka sha ruwa suka yi kauri har mutum biyu ba sa rungume ɗaya.

Kwana uku na farko na yi aikina tsakani da Allah, ina taku ina ƙirgawa. Ranar ta huɗu na biya ta gidan Inna da safe don in kai mata maganin ciwon gwiwa. Na same ta tana guga da kanta, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

"Inna, ina za a je haka?"

"Babu ko'ina. Mayafin da zan sa ranar da motar Auta za ta zo ne. Ya ce ni zai fara ɗauka, a gaba." Ta ɗaga kai ta dube ni. "Kai kuma don Allah ka daina jan ƙafa da fentin nan. Kada ka sa damina ta riski yaron nan a kan babur."

Na ce to. Na ajiye maganin a kan teburi, ko dubansa ba ta yi ba. Daga nan kai tsaye bakin rafi na nufa, na buɗe farin gwangwani. Na zagaya wa ta farko, wata miƙaƙƙiya da ni na dasa ta da hannuna. Na yi taku goma sha biyar, ga wata ta fi ta kyau, na zagaya mata. Ina shafawa ina ce wa kaina ai ƙasar bakin rafi tana zaizayewa, tana buƙatar saiwa da yawa. Ban yarda da maganar ba ko a lokacin, amma hannuna bai tsaya ba. Inda ya kamata in bar uwa talatin, na bar ɗari da goma, kuma duk wadda ta isa a kira ta itace tana cikinsu.

Rana ta yi tsaka sai na ji ƙarar babur yana tari a hanya. Sajan ne, ya kawo mini ruwan sanyi a gora.

"Sannu da aiki, Yaya. Na ce bari in leƙo ka."

"Ka zo duba motarka ne a tsaye?"

Ya yi dariya, ya karɓi jan gwangwanin daga hannuna kamar yadda ya saba a da, ya biyo ni. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Na lura yana tafe yana kallon ƙafafunsa, amma na ɗauka ƙaya yake gudu.

Can ya ce, "Yaya, in motar nan ta zo, ranar da kake zagaye sai mu riƙa fita tare. Ai hanyarmu ɗaya ce."

"Na gode, ranka ya daɗe. A baya zan zauna ko a kan taya?"

Ya ajiye gwangwanin a gindin itace, ya tsaya yana kallon farin zoben da ke jikinta, sannan ya ce zai koma, akwai masu ƙara suna jiransa. Ni na tura masa babur ɗin har ya tashi.

Da yamma maiɗakina tana jiƙa kayan aikina a baho ta ɗago rigar ta ce, "Malam, bana fari ya fi ja yawa a rigar nan."

"Ke me kika sani a aikin daji?"

"Ban san daji ba, amma na san wanki. Shekara ashirin da shida ina wanke rigar nan, ja ne ke ba ni wahala." Ta matse rigar ta ƙara da cewa, "Hassada dai ga mai rabo taki ce."

Na ce mata in ta gama wa'azi a kawo mini abinci.

Ranar gwanjo aka kafa rumfa a filin sakatariya. 'Yan kwangila sun zo su tara, kowa da ɗan littafinsa, mutanen ƙauyuka kuma sun cika bayan rumfar sun zo ganin yadda za a sayi motarsu. Babban cikin 'yan kwangilar, wanda ake kira Mai Gingimari, ya matso kusa da ni yana sakace haƙori ya ce a hankali, "Malam, ka kawo mana ƙashi ka ɓoye tsoka." Na ce masa gwamnati ba mahauciya ba ce.

Mai gwanjo ya kaɗa ƙararrawa ya fara kira. Tayi ya tashi da sauri, ya ɗan yi gaba, sai ya tsaya cik kamar jakin da ya ga ruwa. Mai gwanjo ya yi roƙo, ya yi barkwanci, ya share gumi, ba wanda ya ƙara ko sisi. Mai Gingimari ne ya saye, a kan abin da bai fi rabin kuɗin mota da kaɗan ba. Bayan rumfar ya yi tsit.

Shugaba ya kira ni ofis. Na yi minti goma ina masa bayanin zaizayar ƙasa da saiwa da iri da haƙƙin jikokinmu, da manyan kalmomin da na san bai sani ba, har ya gaji ya ce in je. Majalisa ta yanke shawarar a gyara wa Sajan babur, a sa masa sababbin tayoyi, a shafe ofishinsa da fenti, sauran kuɗin a ajiye sai baɗi. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na ci abincina a ranar har na nemi ƙari. Inna ta ninke mayafinta ta mayar akwati, ta kwana biyu ba ta da walwala, wannan ma bai dame ni yadda ya kamata ba. Sajan kuwa a bakin ƙofa ya tare ni, ya ba ni hannu ya ce, "Allah bai yi ba tukuna, Yaya."

Wata uku Mai Gingimari yana yanka, ina bin gumagumai da guduma ina buga hatimi. Ya fasa hanya mai faɗi daga titi har bakin rafi don motocinsa, ya kwashe nasa, ya tafi ya bar hanyar a buɗe. Sai ga iyayena ɗari da goma tsaye su kaɗai a fili, ana hango su daga titi, kowacce da farin zobe a ƙugu. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, ba ni kaɗai na iya karanta fenti ba. Duk wanda ya taɓa riƙe injin zarto ya san malamin daji ba ya shafa fari sai ga wadda ta fi kyau. Da hannuna na zaɓar wa ɓarayi kaya, na sa musu alama, wani kuma ya share musu hanya.

Damina ta sauka da ƙarfi. Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, ina gyaran shinge a ƙofar gandu sai na ji kukan injin zarto daga wajen rafi. Ba ɗaya ba, uku. Na ɓoye babur a cikin sabara na lallaɓa da ƙafa. Mutum sun kai goma sha biyu, da gingimari biyu, da adduna, ɗaya kuma yana tsaye a kan kututture da bindiga a kafaɗa. Sun zaɓi ranar da kowa ke kasuwa.

Na kwanta rub da ciki a cikin ciyawa na ciro waya. Mutum ɗaya ne a duniya da zan kira, kuma shi na kira.

"Auta, suna bakin rafi. Suna yanka iyayen."

"Su nawa?"

Na faɗa masa.

"Yaya, kada ka matsa, kada ka ɗaga kai. Ina zuwa."

Daga ofishinsa zuwa inda nake, ta mashigin rafi, minti ashirin da biyar ne ga mota mai tsayi. Na san haka domin ni na auna hanyar, na rubuta a takarduna goma sha ɗaya. Babur kuwa ba ya ƙetare mashigin in ruwa ya kawo. Na kwanta a nan tururuwa na cizona, ina jin itatuwan suna faɗuwa. Kowacce kafin ta faɗi sai ta yi wata ƙara kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, sannan ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙirjina. Ba sai na duba ba, daga inda ƙarar ta fito na san wacce ce. Na yi kuka, ni da furfurata, ina cusa fuska cikin laka don kada a ji.

Awa biyu da rabi. Daga baya Kofur ya ba ni labarin yadda suka yi: sun iske ruwa har ƙirji, suka nemo manoma huɗu aka ɗaga babur ɗin a kafaɗa aka ƙetare da shi, ya sha ruwa ya ƙi tashi, suka yi ta turawa. Ko da suka iso mahaɗar hanyar Mai Gingimari da titi, motar farko ta riga ta fita, ta biyu tana tahowa. Wurin matsattse ne, rami ta dama rami ta hagu. Da akori-kura ce aka gitta a nan, ko kura ba ta wucewa. Sajan ba shi da ita, sai ya gitta abin da yake da shi. Ya tsaya a bayan babur ɗin ya ɗaga hannu. Direban bai taka birki ba.

Ina jin ƙarar na fito da gudu. Na same shi a bakin rami, babur ɗin a kan ƙafarsa ta hagu, ko in ce abin da ya rage na babur ɗin. Bai suma ba. Ya dube ni ya ce, "Ba na ce kada ka ɗaga kai ba?" A kan tsohon babur ɗina muka kai shi asibiti, ni a gaba, shi a tsakiya, Kofur a baya yana riƙe da shi, jininsa na zuba a kan takalmina.

Likitoci sun ceci ƙafar, amma sun sa mata ƙarfe, kuma sun ce gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasawa ba. Ɗakin asibitin ya zama kasuwa. Ƙauyuka goma sha huɗu suka riƙa zuwa bi da bi, da kaji, da ƙwai, da addu'a. Shugaba ya zo da kansiloli da mai ɗaukar hoto, ya kira shi jarumi sau huɗu, ina tsaye a bakin taga ina ƙirgawa. Inna ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon ta ce ba mai tashinta. Maganar maiɗakina ta tabbata, takin na zuba da hannuna.

Kafin Shugaba ya fita ya ja ni gefe, fuskarsa ba annuri. Ya ce Mai Gingimari yana yawo da magana a gari cewa farin fentin ya wuce ƙa'ida, kuma majalisa za ta kafa kwamitin bincike. Ya ce Sajan ne kaɗai ya ga aikin lokacin da ake yi, kuma an ce ya taɓa aikin gandu, saboda haka rahotonsa za a fara dubawa. Saura shekara huɗu in yi ritaya. In aka same ni da laifi, kora ce, babu fansho, kuma garin nan kaf zai san dalilin da ya sa Sajan ke ɗingishi.

Kwana tara ina zuwa asibitin safe da yamma, ban taɓa samunsa shi kaɗai ba. Ranar ta goma da azahar Inna ta fita alwala, nas ta gama canza masa bandeji, ɗakin ya rage mu biyu. Ya nuna mini wata takarda a kan ɗan teburin gefen gado, ƙarƙashin kofi.

"Rahoton ne. Kofur zai kai gobe. Karanta."

Na karanta a tsaye. Ya rubuta yadda aka kira shi, da mashigin, da lambar motar. A ƙarshe, layi biyu: ya ziyarci Malamin Daji a lokacin shafa fenti, ya same shi yana aikinsa, kuma yawan iyayen da za a bari a bakin rafi hukunci ne na masanin daji, ba na ɗan sanda ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na ajiye takardar, na ji kamar an sauke mini dutse daga ka.

Sai ya ce, yana kallon silin, "Goma sha biyar."

"Me?"

"Taku goma sha biyar ne, Yaya. Wani wurin ma sha biyu. Na ƙirga ranar da na kawo maka ruwa. Kai ka koya mini: arba'in tsakanin uwa da uwa, in na yi talatin da tara sai ka mayar da ni in sake."

Na zauna a bakin gadon. Na buɗe baki zan fara maganar zaizayar ƙasa, ya ɗaga hannu.

"Don Allah kada ka yi mini irin wadda ka yi wa Shugaba."

A waje wani yana tura gadon marasa lafiya, tayar na ƙara.

"Ka sani tun kafin gwanjo," na ce. "Me ya hana ka faɗa? Da ka faɗa, da an sake shafawa, da motar ta zo, da ƙafarka..."

"Da an kore ka." Ya juyo ya dube ni. "Na ce a raina shekara ɗaya ce, zan iya ƙara shekara ɗaya a kan babur. Dajinka ne, Yaya. Ranar taron nan da Shugaba ya ce ya tsiro, na waiwayo in dube ka, ka sunkuyar da kai. Ya kamata in miƙe in faɗa musu wanda ya ja duro. Tafin ya yi mini daɗi, ban miƙe ba. Wannan nawa laifin ne."

Ina so in ce muku a nan zuciyata ta wanke tas. Kunya dai na ji, irin wadda ban taɓa ji ba, har na kasa haɗa ido da shi. Na riƙe hannunsa na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun a mashigi. Amma can ƙasan kunyar, wallahi, tsohon abin yana nan yana motsi. Na cuce shi, ya rufa mini asiri, har ya nemo wa kansa laifi don kada nawa ya yi mini nauyi. A kaki ya fi ni, a wurin Inna ya fi ni, yanzu ga shi kwance da ƙarfe a ƙafa ya sake fi na, kuma wannan karon ba zan iya cewa son kai aka yi ba.

Kwamitin ya zauna sau ɗaya, ya sha shayi, ya watse. Iyaye arba'in da uku ɓarayin suka kayar. Da rani ya dawo, ba wanda ya aike ni, na ɗauki jan gwangwani na koma bakin rafi, na bi sauran ina taku arba'in cif, ina shafe fari da ja. Aka sake kaɗa ƙararrawa. Abin da aka samu, da wanda aka ajiye, ya sayi akori-kura har da canji, kamar yadda na sani tun farko.

Fara ce, da shuɗin layi a gefe. Ranar da aka kawo ta an cika filin sakatariya, Inna ta sa mayafinta. Aka miƙa wa Sajan makulli, ya dogara sandarsa ya je ya buɗe ƙofa, ya daɗe yana kallon wurin taka kuloci. Sannan ya juya ya miƙa makullin ga sabon sajan da aka turo ya maye gurbinsa, domin shi an mayar da shi ofishin cikin gari, kan teburi, yana karɓar ƙara. Sabon sajan yaron kirki ne, ya ce Inna ta shigo ya zagaya da ita. Ta ce a'a, gwiwarta na ciwo.

Yanzu kullum da safe ni nake biyawa in ɗauki Auta a bayan babur ɗina in kai shi aiki, ƙafar a miƙe gefe guda, sandar a kan cinyarsa. Duk inda muka wuce ana ɗaga hannu ana "Sajan! Sajan!" Wani lokaci motar takan wuce mu, ta yi masa hon.

Makon jiya na kai wa Inna itace. Na jera shi a ƙofar kicin, na shigo na zauna ƙarƙashin hoton. Ta daɗe tana kallona, har na ɗauka ta san wani abu. Sai ta ce, "Kai dai ka yi sa'ar ƙane."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta gyara zama ta ce, "Ka gan shi yau? Ya ci abinci kuwa?"